Launin gansakukar teku: gishiri ne, rana ce, ko yunwa?

Malam Nasiru, Argungu:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana ilimin halittu da masu kiwon kifi da ke cikinmu. A darasin da nake yi wa ɗaliban babbar sakandare kan yadda tsirrai ke haɗa abincinsu da hasken rana, mun zo kan Tafkin Retba na ƙasar Senegal, wanda ke arewa maso gabashin Dakar, wanda kuma aka fi sani da Lac Rose saboda launinsa na ruwan hoda. An rubuta cewa wata ƙaramar gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya, wadda ake kira Dunaliella salina, ita ce ke ba shi wannan launi, kuma bayan ambaliyar daminar 2022, lokacin da ruwan sama mai yawa ya kwarara cikinsa, launin ya dushe har ruwan ya koma kore-kore. Abin da nake so a fayyace mini shi ne, shin gansakukar ce ta mutu wata ta maye gurbinta, ko kuwa ita ɗin ce dai ta sauya kama? Idan kuma sauya kama ta yi, me ke sa halitta ɗaya ta zama koriya yau, gobe ta zama ja? Ruwa ba ya tsami banza, kuma ina son amsar da zan iya tsayawa a kanta gaban ɗalibai.

Dakta Hadiza, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Duka biyun suna faruwa idan ruwan daɗi ya shiga tafkin gishiri, domin raguwar gishiri tana buɗe wa wasu halittu ƙofa su shigo su yi gasa da ita, amma sauya kamar ita ce abin da ya kamata ɗalibanku su riƙe. Dunaliella salina asalinta koriya ce, tana ɗauke da kulorofil, koren sinadarin da ke kama hasken rana, irin wanda ke cikin ganyen shinkafa, kuma muddin tana samun abinci isasshe da gishiri daidai misali, koriya za a gan ta, tana rabuwa gida biyu tana yawaita. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, ita kuwa tana rayuwa a ruwan da ya ninka haka sau biyar, sau takwas, har zuwa inda gishiri ke fara daskarewa a ƙasan ruwa. Ba ta da ƙaƙƙarfan bango irin na sauran ƙwayoyin tsirrai, sai dai tana tara wani sinadari mai suna giliserol a cikinta domin kada gishirin waje ya zuƙe mata ruwan jiki.

Ga inda batun launi ya shigo. Hasken da kulorofil ya kama dole ne a yi aiki da shi, wato a gina sabon jiki da shi. Idan gishiri ya tsananta, ko naitirojin, sinadarin nan na takin zamani, ya ƙare a ruwan, ko sanyi ya rage mata kuzari, girma yana tsayawa, alhali rana ba ta daina dukanta ba. Ƙarfin da ya shiga bai sami inda za a yi amfani da shi ba, sai ya juya ya fara lalata kayan aikin ƙwayar. A wannan hali ne take tara beta-karotin, sinadarin nan da ke ba karas da manja launinsu, cikin 'yan ɗigon mai da take jerawa a gefen ma'ajiyar kulorofil, su tare wani ɓangare na hasken kamar yadda malafa ke tare wa manomi rana. Abin da take tarawa yana iya kai kashi 10 cikin 100 na busasshen nauyinta, har ya zarce, shi ya sa ake noman ta a manyan kududdufai marasa zurfi a Hutt Lagoon da ke yammacin Ostireliya da kuma Eilat a bakin Bahar Maliya.

Da ruwan sama ya sirka Retba, gishirin ya sauko, irin wannan kwarara kuma takan shigo da abinci daga doron ƙasa, sai dalilin tara karotin ya kau. Zan ƙara abu ɗaya domin kada ɗalibi mai kaifin ido ya kama ku: beta-karotin launinsa ruwan lemo ne zuwa ja, shi kuwa ruwan hodar da ake gani a irin waɗannan tafkuna akwai hannun wasu ƙananan halittu masu son gishiri, waɗanda ba gansakuka ba ne, masu nasu jan sinadarin. Tun a 1838 wani Bafaranshe masanin tsirrai, Michel Félix Dunal, ya nuna cewa jan ruwan kududdufan gishiri na kusa da Montpellier halitta ce mai rai ke haddasa shi, kuma sunansa aka ba wannan gansakuka a 1905.

Malam Shehu, Kamba:

Allah ya ƙara sani, Dakta. Mu a nan bakin iyaka gishiri da kanwa ne sana'armu tun kakanni. Gishirin Foga da ke fitowa daga wajen Gaya, ƙasar gishiri ake kankarowa a tace a dafa ruwan, saboda haka ba na zaton wani abu mai rai zai tsira daga tukunya. Amma na Balma a ramuka ake barin ruwan rana ta shanye shi, kuma akwai jar kanwa wadda kowa ya san ta bambanta da fara. Shin wannan jan ma na wannan halitta ne?

Dakta Hadiza, Birnin Kebbi:

Malam Shehu, ja a gishiri ko a kanwa yana da hanyoyi fiye da ɗaya. Yana iya fitowa daga jar ƙasa mai sinadarin ƙarfe, yana kuma iya fitowa daga halittun da suka rayu a ruwan kafin ya bushe. Akwai gwaji mai sauƙi da za ku iya yi a shago. Ku narka guntun a ruwa cikin kwalba, ku zuba ɗan farin mai ko kananzir, ku girgiza sosai, ku ajiye. Karotin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa, don haka idan jan na halitta ne kuma bai tsufa ba, man da ya taso sama zai ɗauki launi, idan kuwa na ƙasa ne zai kwanta a gindin kwalba man ya tsaya yadda yake. Na ce idan bai tsufa ba ne domin rana da iska suna kashe karotin, kayan da suka yi watanni a rumbu ba lallai su nuna komai ba.

Alhaji Garba, Yauri:

Assalamu alaikum jama'a. Ni kiwon tarwada nake yi a kududdufan ƙasa, kuma wannan magana ta taɓa abin da ke damuna duk bazara. Akwai kududdufin da na fi zuba wa abinci saboda kifinsa sun girma. Daga watan Maris, idan rana ta take, sai wani abu ja ya shimfiɗu a saman ruwan tamkar an zuba manja, yana da ɗan maiƙo da ƙananan kumfa. In ka sa ƙwarya ka ture shi sai ya tsage ka ga koren ruwa a ƙasa, kafin ka juya ya sake haɗewa. Da asuba kuwa ba ka ganin jan sosai, ya koma kore-kore mai duhu, kuma a daidai lokacin ne kifin ke tasowa sama suna buɗe baki. Tambayata biyu ce. Shin irin na Senegal ɗin ne ya zo mana nan Yauri? In kuwa shi ne, tunda an ce kuɗi ake yi da shi, ba zan iya yaɗe shi in shanya in haɗa wa kajin ƙwai ba, ko ƙwanduwarsu ta yi ja?

Dakta Hadiza, Birnin Kebbi:

Ranku ya daɗe Alhaji, ina roƙonku kada ku ba kaji wannan abu. Ba na Senegal ba ne, domin Dunaliella salina ba za ta zauna a ruwan tarwada ba. Siffar da kuka bayar ta wata halittar ruwan daɗi ce mai suna Euglena sanguinea, kuma wanda ya ɗora ɗigo ɗaya a madubin hangen ƙananan halittu zai tabbatar muku, ko a jami'a ko a cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, wadda ba ta da nisa da ku. Jan nata astazantin ne, ɗan'uwan karotin, kuma abin da ya sa kuke ganin sauyi tsakanin asuba da azahar shi ne ba sabon launi take ƙerawa kullum ba. Ƙwayoyin launin suna nan a cikinta, idan rana ta yi zafi sai ta baza su su rufe koren, idan haske ya ragu sai ta tattara su tsakiya koren ya bayyana. Wannan aikin sa'o'i ne, na Dunaliella kuwa aikin kwanaki ne.

Bayyanarta alama ce ta cewa ragowar abinci da kashin kifi sun yi yawa a ruwan. Da dare duk waɗannan halittu suna shaƙar iskar da kifi ke buƙata, shi ya sa suke tasowa da asuba. Bayan haka an gano cewa wannan nau'in yana iya fitar da guba mai kashe kifi. Ku rage abinci, ku yaɗe shimfiɗar da tsakar rana lokacin da ta taru a sama ku zubar nesa da ruwa, ku kuma sauya wani ɓangare na ruwan.

Aminu, Aliero:

Ranki ya daɗe Malama, ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe, kuma aikin bincikena kan fukozantin ne, sinadarin da ke ba gansakukar teku mai suna Phaeodactylum tricornutum launinta na ruwan ƙasa. Bisa bayanin da kika yi, tsarin da nake shirin kai wa mai duba aikina shi ne in raine ta kwana bakwai a ruwan teku na haɗi, daga nan in yanke mata naitirojin in fitar da kwalaben rana, tunda wahala ce ke kawo launi. Ina neman shawararki kan yawan kwanakin da ya kamata ta yi a rana.

Dakta Hadiza, Birnin Kebbi:

Aminu, dakata da wannan tsari, domin ba a nan gizo ke saƙar ba. Cewa wahala ce ke kawo launi rabin magana ce, kuma ita ce maganar da na fi so a gyara a duk wannan tattaunawa. Sinadaran launi aiki biyu suke yi masu karo da juna. Akwai na kariya, irin su beta-karotin na Dunaliella da astazantin, waɗanda ke ƙaruwa idan haske ya fi ƙarfin ƙwayar. Akwai kuma na kamun haske, waɗanda aikinsu su tattaro haske su miƙa shi inda ake haɗa abinci, kuma waɗannan ƙaruwa suke yi idan haske ya yi ƙaranci. Fukozantin yana cikin na biyun.

Dalilin samuwarsa yana cikin yanayin teku. Ruwa yana haɗiye jan haske a 'yan mitocin farko, abin da ke ratsawa ƙasa shi ne shuɗi da shuɗi-kore. Kulorofil yana kama shuɗi da ja, yana barin kore ya wuce, saboda haka halittar da igiyar ruwa ke kai ta ƙasa tana buƙatar mataimakin da zai kama mata wannan tsakanin, kuma fukozantin shi ne mataimakin. Idan ka rage mata haske sai ta ƙara shi, kwalbar ta yi duhu kamar shayin da ba madara. Idan ka fitar da ita ranar Aliero sai ta rage shi, domin ba ta buƙatar ƙarin kamu. Tana da nata na kariyar dabam, wanda take juya shi daga siffa zuwa siffa cikin mintuna idan haske ya buge ta, amma ba shi kake nema ba.

Yanke naitirojin kuma zai ƙara ɓata maka aiki. Fukozantin ba ya zaune shi kaɗai, yana manne ne da furotin tare da kulorofil, furotin kuwa da naitirojin ake gina shi, kuma kowace ƙwayar kulorofil tana da naitirojin huɗu kewaye da magniziyam ɗaya. Duk manomin fadama ya san yadda ganyen shinkafa ke komawa rawaya idan taki ya ƙare, to abin da zai faru a kwalbarka ke nan: za ta kwance kayan kamun haskenta, ta koma tara mai. Haka abin yake ga Porphyridium, jar gansakukar teku mai sinadarin fiko'eritirin. Wannan launin shi kansa furotin ne, don haka idan yunwar naitirojin ta kama ta shi take fara ci, sai jan ya koɗe ya koma ruwan lemo mai haske.

Sai batun zafi. Phaeodactylum ta fi jin daɗi a wajen digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, kuma kafin a kai 30 ta daina girma. Ɗakin gwaji a Kebbi a watan Afrilu, idan wuta ta ɗauke, ya wuce haka nesa. Ka tattauna da mai duba aikinka ko za a samo maka Tisochrysis lutea, wadda aka fara ɗaukowa daga ruwan Tahiti, ita ma tana da fukozantin kuma ta fi jure ɗumi.

Aminu, Aliero:

Na gode, Malama. To amma idan na rage haske ai girma zai ragu. Ƙwaya za ta yi launi sosai, amma ƙwayoyin ba za su yi yawa ba. Ta yaya zan san inda riba take?

Dakta Hadiza, Birnin Kebbi:

Wannan ita ce tambayar da masana'antar gaba ɗaya ke fama da ita. Yawan launi a cikin giram ɗaya dabam, yawan launin da lita ɗaya ke bayarwa a rana ɗaya dabam, kuma sau da yawa yanayin da ya ɗaga na farko yakan kayar da na biyu. Masu noman Haematococcus, gansakukar ruwan daɗi da ake samun astazantin daga gare ta, sun raba aikin mataki biyu: a raine ta koriya cikin wadata har ta yawaita, sannan a tsananta mata ta yi ja. Ga fukozantin kuwa wadatar abinci ba ta yankewa, hasken ne ake daidaitawa. Ka kuma tuna cewa idan ƙwayoyin suka yi kauri suna yi wa junansu inuwa, saboda haka fitila ɗaya a rana ta biyu da rana ta goma ba haske ɗaya ƙwayar ke gani ba.

Injiniya Sanusi, Jega:

Na karanta duka, kuma na ƙaru. Amma na ga hankalin wasu a waje ya fara tafiya kan cewa tunda muna da rana da zafi, Kebbi za ta iya noman Dunaliella. Ina so mu yi lissafi kafin wani ya sayar da gonarsa. A ɗauki kadada ɗaya, wato murabba'in mita 10,000, a zuba ruwa mai zurfin santimita 20. Wannan lita miliyan 2 ke nan. Idan ana son giram 200 na gishiri a kowace lita, ana buƙatar tan 400, wato buhu 8,000 mai kilo 50, kuma wannan na rainon ne, na jan ya fi haka. Mutanen Ostireliya ba sa sayen wannan gishiri, a bakin teku suke, rana ce ke kaurara musu shi. Mu kuwa mota za ta kawo mana shi.

Sannan idan rana da iska suka shanye santimita ɗaya a yini, lita 100,000 ta tafi daga wannan kadada, dole a mayar. Idan kuma damina ta sauka aka yi ruwa mai santimita 5 a dare ɗaya, zurfin ya koma 25, gishirin ya sauko daga giram 200 zuwa 160, abin da ya sami Retba ya same mu a gona. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda ruwan gishirin zai tafi idan kududdufi ya yi ambaliya ko ya tsiyaye ta ƙasa. Jihar nan da shinkafa aka san ta, kuma fadamar da gishiri ya shiga ba ta dawowa cikin sauƙi. Ni ban yarda a haƙa irin wannan kududdufi kusa da fadamar Argungu ko ta Suru ba, ko da na gwaji ne.

Malama Zainabu, Zuru:

Ina goyon bayan Injiniya ta fuskar aikina na kula da abincin mata da yara. Amfanin beta-karotin ga jiki shi ne ana juya shi ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi da raunin garkuwar jiki ga yara. To wannan sinadari yana cikin manjan da ba a soya shi ya koɗe ba, da ganyen zogale, da karas, da kabewa, da mangwaro, da dankalin Hausa mai jan ciki, kuma duk suna kasuwar Zuru. Uwar da ke kawo mini yaro mai dundumi ba gansakukar teku take buƙata ba. Ina kuma jan kunnen masu sayen ƙwayoyin ƙarin abinci ba tare da shawarar likita ba, domin babban binciken da aka yi a Finland, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1994, da wani a Amurka da aka dakatar a 1996, sun nuna ƙaruwar sankarar huhu ga masu shan taba da aka ba beta-karotin mai yawa.

Dakta Hadiza, Birnin Kebbi:

Lissafin Injiniya daidai ne, kuma ba zan ba kowa shawarar buɗaɗɗen kududdufin gishiri a nan ba. Maganar Malama Zainabu ma haka take. Inda na saɓa da ku shi ne idan za a ɗauka cewa ke nan wannan ilimi ba shi da gurbi a wajenmu. Maƙwabtanmu na Kanem a ƙasar Chadi sun daɗe suna cin moriyar irinsa. A ƙananan tafkunan kanwa da ke gabas da Tafkin Chadi akwai wata gansakuka mai launin shuɗi-kore da ake kira sifirulina, kuma matan Kanembu suna ɗebo ta da safe, su zuba a wani ɗan rami da suka fafe cikin rairayi, ruwan ya tsiyaye, rana ta busar da ita, su yanyanka ta su kai kasuwa, ana kiranta dihé, ana yin miya da ita. Ba ta teku ba ce, amma ƙa'idar ɗaya ce. Tana son ruwan kanwa, tana son ɗumi wajen digiri 35, kuma tsananin kanwar yana korar yawancin masu gasa da ita. Shuɗin sinadarinta, fikosayanin, na kamun haske ne kuma furotin ne, saboda haka yana son wadatar naitirojin da 'yar inuwa, kuma zafi mai yawa wajen busarwa yana lalata shi. A 2013 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da shi wajen ba alewa da cingam launi, abin da ya buɗe masa kasuwa. Kanwa tana hannun su Malam Shehu, ɗumi kuma Allah ya ba mu. Nan ne nake ganin ya kamata ɗalibanmu su zuba ƙarfi, a ƙananan kwatamai masu rufi.

Malam Nasiru, Argungu:

Dakta, akwai abin da ba a taɓo ba. Lokacin hunturu hazo yana rufe mana rana na kwanaki. Shin wannan zai taimaki mai neman launin kamun haske ne, ko cutar da shi zai yi?

Dakta Hadiza, Birnin Kebbi:

A kwatami buɗaɗɗe cutarwar ta fi yawa, domin ƙurar tana sauka cikin ruwan ta gurɓata amfanin, sanyin dare kuma yana rage wa sifirulina girma. Amma a teku labarin ya sha bamban. Babban tushen wannan ƙura shi ne kwarin Bodélé a arewacin Chadi, wanda a da can ƙasan wani babban tafki ne, kuma yawancin farar ƙasarsa ɓawon ƙananan gansakuka ne da suka mutu suka kwanta shekaru dubbai. Iska tana ɗauke ta ta ratsa kanmu ta zuba a Tekun Atilantika, tana kai wa ruwan sinadarin ƙarfe da fosfaras. Gansakuka ba ta iya ƙera kulorofil ba tare da ƙarfe ba, ko da yake ba ya cikin ginin kulorofil ɗin kansa. Wani masanin teku Ba'amurke, John Martin, shi ya dage cewa akwai yankunan teku masu wadatar naitirojin amma marasa kore saboda rashin ƙarfe, kuma an gwada maganarsa a Tekun Fasifik kusa da tsibiran Galapagos a 1993, aka sake a 1995, inda zuba ƙarfe ya sa ruwan ya yi kore cikin kwanaki. Saboda haka, Aminu, idan kwalbarka ta koɗe alhali naitirojin yana nan, ka duba ƙarfen da ke cikin haɗinka, domin yana saurin daskarewa ya fita daga ruwa idan ba a haɗa shi da abin da ke riƙe shi ba.

Injiniya Sanusi, Jega:

Dakta, na ji batun sifirulina, kuma ya fi na farko kusa da hankali, amma ban sauka daga matsayina gaba ɗaya ba. Ruwan kanwa ma idan ya shiga gona yana kashe ƙasa, yana sa ta daskare ta ƙi shan ruwa. Sannan abin da za a ci dole a tabbatar babu wata gansakuka mai guba da ta shiga ciki, kuma ke da kanki kin gargaɗi Alhaji kan haka. Wa zai riƙa dubawa a ƙauye?

Alhaji Garba, Yauri:

Wannan tambaya ta Injiniya ita ce tawa. Na rage abincin tun jiya, na kuma sa yara sun yaɗe jan da azahar. Amma mu masu kiwo muna buƙatar wurin da za mu kai ruwa a kwalba a duba mana a faɗa mana abin da ke ciki, ba sai kifi sun fara mutuwa ba.

Dakta Hadiza, Birnin Kebbi:

Dubawar farko ba ta buƙatar fiye da madubin hangen ƙananan halittu da mutumin da aka koya wa bambance siffofi, domin sifirulina zare ce mai murɗe, Microcystis mai gubar hanta kuwa dunƙulen ƙananan ƙwayoyi ce, ba a rikita su. Gwajin gubar kanta sai babban ɗakin gwaji, kuma duk abin da za a sayar wa jama'a su ci sai ya bi ta hannun NAFDAC. Alhaji, idan za ku aiko da ruwa, ku ɗebo daga saman da tsakar rana, kada ku cika kwalbar, ku sa ta a inuwa, ta iso a ranar.

Aminu, ga abin da zan so ka kai wa mai duba aikinka. Ka bar naitirojin daidai a duk kwalaben, ka bambanta haske kawai, mataki uku, kowane mataki kwalba uku, ta hanyar nisanta su daga fitila ko rufe su da gidan sauro ninki ɗaya da ninki biyu. Ka riƙa juya wurin kwalaben da ke mataki ɗaya, ka ɗebi samfur a lokaci iri ɗaya kullum, ka tatsi launin da etanol, wato sifirit ɗin ɗakin gwaji, a wuri mai duhu da sanyi domin haske yana lalata shi tun kafin ka auna. Ka rubuta sakamakon ta hanya biyu, na kowane giram da na kowace lita a yini.

Injiniya Sanusi, Jega:

Ka ƙara abu biyu a littafinka, Aminu. Ka rataya ma'aunin zafi a cikin kwalba guda mai ruwa zalla kusa da sauran, ka rubuta abin da ya nuna da asuba da ƙarfe uku na rana, tare da sa'o'in da wuta ta ɗauke, domin in ba haka ba ba za a san ko haske ne ya sauya launin ko zafi ba. Ka kuma yi wa kowace kwalba alama a bakin ruwa, ka cike abin da ya ƙafe da tataccen ruwa kafin ka ɗebi samfur, in ba haka ba gishirin zai riƙa hawa kullum ba ka sani ba. Ruwan da ka gama da shi kuma kada ka zuba a lambatu, ka tara shi a faranti ka bar rana ta shanye shi, ka kwashe gishirin.